Dogara ga Allah ba naɗe hannu ba ne

Ƙanena, ka ce da guminka ka gina gida ka sayi shanun huɗa, amma har yanzu ranka bai sake ba, kana kuma tambaya ko wannan "dogara ga Allah" da ake ta faɗa a coci ba lalaci ba ne. Ni manomi ne, dattijo a wata ƙaramar ikilisiyar ECWA a ƙasar Sumaila, zan faɗa maka abin da na gani.

Ba wanda ya ce ka ajiye fartanya. Manzo Bulus da kansa, a Littafi Mai Tsarki, ya gaya wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci. Kai taki gona, yi shuka a kan lokaci, yi noman firi da maimai. Amma zauna ka lissafa abin da ke hannunka da gaske. Iri naka ne, taki naka ne. Ruwan sama fa? In ya ɗauke a Agusta gero na bununi, wa za ka kai ƙara? Ambaliyar 2022 da ta shanye gonaki a Ringim da Auyo da Haɗeja ba ta tsaya tambayar wa ya fi ƙwazo ba. Wanda ya ɗora duk wannan nauyi a wuyansa shi ne mai tashi da tsakar dare yana leƙen gabas ko hadari ya haɗo. Ina ganin nan farin cikinka yake zurarewa. Yesu ya tambaya a Matiyu sura 6, wa ya taɓa ƙara wa ransa ko taƙi ɗaya ta wurin damuwa?

Akwai wata gwauruwa a Zumuntar Matanmu. Wata shekara wuta-wuta ta lalata mata dawa, abin da ta ɗaure bai kai ta bazara ba. Ta yi kuka, na gani da idona, kada wani ya ce maka mai bi ba ya jin zafi. Amma ranar godiyar kaka ta shigo da wake tiya ɗaya a ƙwarya, ta rufe da faifai, tana rawa har gaban bagade. Abin da annabi Habakuk ya faɗa a littafinsa sura 3 ke nan: ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Da bazara ta yi tsanani ba ta ji kunyar faɗa ba, mata suka haɗa mata hatsi, matasa suka yi mata gayya.

Wannan ne mai dogara ga kansa ba ya iyawa, bakinsa ba ya buɗuwa ya ce ina bukata, ko ga Allah ko ga ɗan'uwa. Don haka fara da ƙaramin abu. Kafin ka ɗaura wa shanu garma da asuba, tara iyalinka ku miƙa gonar cikin addu'a. Ka fitar da zakkarka tun a masussuka, kafin hatsi ya shiga rumbu. Sannan ka samu fastonku ko wani dattijo ka faɗa masa wannan damuwar baki da baki.