Me ke cinye ƙarfen cikin batirin litiyam?

Malam kace ka buɗe batirin sola ka ga fallayen ƙarfen ciki sun zagwanye alhali bai taɓa faɗawa ruwa ba. To aikin gishirin dake cikin ruwan batirin ne, LiPF6 ake ce masa, da ɗan danshi ya shiga ko zafi yayi yawa sai ya lalace ya fitar da asid mai suna HF, shi ke cin ƙarfen. Alminiyam ma da sauƙi don gishirin na yi masa wata 'yar riga mai kare shi, jan ƙarfen ɓangaren negetif kuwa narkewa yake in aka bar batir ya mutu murus. Kuma don Allah ka daina buɗe shi, HF ɗin nan ratsa fata yake.