Amsar Kawu kan ladubban yawo a Grand Canyon

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tafi. Ka ce ku da abokan karatunka za ku wuni a Grand Canyon a watan Satumba, kuna so ku yi yawo a hankali ku ga namun daji, amma kana tsoron yin abin da za a ce baƙo bai san kan gari ba. To, wurin yana da al'adunsa, kuma kusan kowacce an kafa ta ne bayan wani ya ji rauni.

Fara da sanin girman abin. Kogin Kolorado ne ya rarake wannan kwazazzabo a jihar Arizona ta Amurka, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya kai mita 1,800 a wasu wurare, an mai da shi gandun ƙasa a 1919. Bakinsa na kudu, inda za ku tsaya, yana kan tudu mai kimanin mita 2,100, shi ya sa da safe za ka ji sanyi ka ɗauka haka can ƙasa yake. Ba haka ba ne. Kana sauka zafi na ƙaruwa, a gindin kwazazzabon kan wuce digiri 40 da rani. Kuma hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka: wanda ya gangara awa ɗaya ya ware awa biyu na dawowa. Tunda wunin shaƙatawa kuke so, ku bi turbar Bright Angel zuwa rumfar hutu ta farko, kilomita 2.4, ku juyo tun kafin ƙarfe 10 na safe. Akwai famfo a can, amma bututunsa kan fashe, sai ku tambayi masu gadin daji kafin ku sauka. Turbar South Kaibab ta fi kyan kallo, sai dai ba ruwa, inuwa ma kaɗan ce. Kowa ya riƙe lita biyu zuwa uku da gyaɗa mai gishiri. Kada ka raina gyaɗar: mai ɗirkar ruwa zalla yana zufa, gishirin jininsa kan ragu, ya fara ciwon kai da amai da ruɗewa, abokansa su zaci ƙishi ne su ƙara ɗura masa ruwa.

A kan turba, mai hawa shi ke da hanya, mai sauka ya raɓe. Alfadarai kuwa sun fi kowa. In ka hango ayarinsu, ka koma gefen dutse, ba gefen rami ba, ka tsaya cak ka yi shiru, ka bi umarnin mai jan su, kada ka motsa sai na ƙarshe ya wuce ka da mita 15. Alfadarin da ya firgita a hanyar da faɗinta bai fi taku biyu ba, ka san ƙarshen zancen. Kada a jefa dutse ko kwabo cikin ramin, akwai mutane a ƙasa. In lokacin salla ya yi, ka nemi fili a gefe, ban da tsakiyar turba.

Yanzu ga inda samari suka fi yin kuskure. Abin da ya fi cizon mutane a wurin ba maciji ba ne, kurege ne. Zai zo ya tsaya da ƙafafun baya, ya haɗa hannuwa kamar mai bara, ka miƙa masa biskit ya kafa maka haƙori a yatsa, ga ƙuma a jikinsa da kan ɗauki cutar annoba. Ciyar da kowace dabba laifi ne da ake cin tara a kai. Ƙananan dabbobi a ba su tazarar mita 15, manya mita 30. Akwai wata ƙatuwar barewa da suke kira elk, tana kiwo har bakin masauki kamar saniyar gida, amma Satumba lokacin barbararsu ne, namijin kan taso wa mutum da ƙaho. Hankaka kuma ya iya buɗe zif, kada ka ajiye jaka ka juya baya.

Da sassafe ko gab da magariba aka fi ganin tumakin dutse masu murɗaɗɗen ƙaho a kan gangara. Ka riƙa ɗaga kai ma, ko Allah zai nuna maka ungulun Kalifoniya, wadda faɗin fikafikanta ya kusa mita 3. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya, a 1996 aka fara sakin su a arewacin Arizona. Tana shawagi da fikafikai a shimfiɗe, yawancinsu da lamba a fiffike. Wadda ka ga tana tangaɗi fikafikai a ɗage, ƙaramar ungulu ce.

Sai maganar masu ƙasa. Ƙabilu 11 ne ke da alaƙa da wurin. Zangon da ke ƙasa da rumfarku gonakin ƙabilar Havasupai ne a da, aka tashe su a shekarun 1920, sai a 2022 aka sa masa sunansu. In ka ga fasasshen tukwane ko zane a jikin dutse, kalla da ido, kada ka taɓa, kada ka sa ko tsakuwa a aljihu.

Ka gaishe da abokan tafiyar. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.