Peggy ko Margaret: wanne zan sa a rubuta a sarƙa?

Tambaya: Wata Baturiyar Ingila da muke aiki tare za ta koma gida. Kowa Peggy yake kiranta, amma a takardunta na ga Margaret. Ina so in yi mata sarƙa mai suna, ina tsoron kada in yi abin kunya.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, duk suna ɗaya ne. Turawan Ingila sun gutsure Margaret ya koma Meg, suka sauya harafin farko ya zama Peg, daga nan Peggy. Haka suka yi wa Mary: Molly, sai Polly. Mu ma ai baƙo ba zai taɓa cewa Indo ita ce A'isha ba. Tushen Margaret kalmar Girkanci ce, margarites, wato lu'ulu'un da ake cirowa daga teku. Ki sa a rubuta Peggy, tunda shi take amsawa. Ki rubuta wa maƙerin a takarda, g biyu ne, don in an yanka ba gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne sarƙar kanta. A sarƙa mai suna akan cuci mata, domin ido yana kan rubutun, ba wadda ke juya bayanta. Ki juya. Gwal mai karat 18 za ki ga hatimin 750 kusa da maƙullin, mai 21 kuma 875, mai 22 shi ne 916. In kin ga GP, ruwan gwal aka shafa wa wani ƙarfe, gumi da turare za su kankare shi, har wuya ya yi kore. Hatimin ma ana buga na bogi. Akan gwada gwal da maganaɗisu, amma baƙin ƙarfe da irinsa kawai yake kamawa, tagulla wucewa take yi lafiya lau, don haka kada ki tsaya a nan. A auna a gabanki, a rubuta giram da karat a rasit, kuɗin aiki daban. Ki zaɓi 18, ya fi tauri. Haruffan sirara ne, jelar y da g kan maƙale a kaya ta lanƙwashe. In kuɗinki bai kai ba, azurfa ta gaske mai 925 ta fi gwal ɗin ƙarya mutunci.

Tambaya: Wani a intanet ya ce in tura masa kuɗi ya binciko min ma'anar Daisy, sunan da nake so in sa wa shagona.

Amsa: Haba malam, ko sisi kada ka tura! Daisy ƙaramin fure ne fari mai rawaya a tsakiya. A tsohon Turanci ma'anarsa idon yini, saboda da safe yake buɗewa. Ana kiran Margaret da shi ma, domin a Faransanci sunan furen marguerite. Kuɗin ka ba mai fenti ya rubuta maka allon shagon daidai.