Tambayi Matuƙi: Ƙaramin jirgi daga Ambursa zuwa Gusau, da sauran tambayoyinku

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka taru kusan duk kan ƙananan jirage ne da ƙananan filayen sauka, galibi daga Kebbi da Zamfara, to na zaɓo biyar. Masu tambayar kuɗin tikitin Abuja ku yi haƙuri, wannan ba layina ba ne.

TAMBAYA: Kyaftin barka da aiki. Ɗana ya ƙare matakin farko na karatun tuƙin jirgi, an ba shi lasin da ake ce ma PPL, to yanzu shina ta matsa min wai mu yi hayar ƙaramin jirgi ya ɗauke ni daga Ambursa mu tahi Gusau wurin ɗaurin aure mu dawo ran nan. Shin haka kawai ake yi, a shiga a tada a tahi? Ni dai hankalina bai kwanta ba.
Daga wani Alhaji mai sana'ar shinkafa, Birnin Kebbi

AMSA: Alhaji Allah ya sanya wa yaro albarka. Lasin nan, wanda na tuƙin kai ne ba na haya ba, ya ba shi dama ya ɗauke ka, matuƙar ba kuɗin tuƙi zai karɓa ba, kuma matuƙar ya tashi ya sauka aƙalla sau 3 da irin jirgin a cikin kwana 90 da suka wuce, wannan ƙa'ida ce ga duk mai ɗaukar fasinja. Tafiyar ma ba wata mai nisa ba ce, daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Gusau in aka miƙe ta sama kilomita 250 ne da 'yan kai, jirgi irin Cessna 172 zai yi ta cikin awa ɗaya da kwata. Kai da ka san wahalar hanyar Jega zuwa Gummi zuwa Anka, ko zagayen Sakkwato, dole abin ya ba ka sha'awa.

Amma hankalinka da bai kwanta ba yana da gaskiya, filin jirgi ba tashar mota ba ne da za ka iso ka faka ka nemi mai shayi. Na farko ma Zamfara ce za ku shiga. A watan Maris na 2021 gwamnatin Buhari ta sanar da hana shawagin jirage a sararin jihar saboda matsalar 'yan bindiga da haƙar zinariya, kuma tun daga lokacin mai ƙaramin jirgi ba ya kutsa kai can da ka, sai ya nemi matsayin da ake ciki a ranar daga NAMA, hukumar da ke kula da sararin samaniyar Najeriya, da jami'an tsaro, ya riƙe izininsa a rubuce. Sannan a 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgi a Gusau, kuma duk inda aka taɓa titin jirgi da aiki to abin da ke cikin tsohon littafin matuƙa ba lallai ya yi daidai da abin da ke ƙasa ba, sai an duba sanarwar da ake fitar wa matuƙa kan halin da filaye ke ciki, wadda ake ce wa NOTAM, an kuma buga waya an yi magana da mutum mai rai da ke tsaye a filin. Yaron ya tambaye shi, ƙarfe nawa kuke buɗewa ƙarfe nawa kuke tashi, akwai mai amsa rediyo, akwai motar kashe gobara, akwai fitilun titi, ina zan ajiye jirgi kuma wa zai tsare shi. Bayan wannan sai ya shigar da takardar tsarin tafiya wurin NAMA, wadda ke nuna inda za ku bi da man da kuka ɗauka da filin da za ku karkata in Gusau ta ƙi, don in shiru ta yi yawa a san inda za a fara nema.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne "mu dawo ran nan". Wane ɗaurin aure ne a ƙasar Hausa ya taɓa ƙarewa a lokacin da aka sa? Za a ce ku tsaya walima, ku gaida mai martaba, ku yi la'asar, kafin ku ankara rana ta yi ja, ga yaro sabon hannu ga babansa zaune a gefe yana cewa gobe ina da kasuwa. Irin wannan matsin na iyaye da manya shi ke sa matashin matuƙi ya tashi a lokacin da ya san bai kamata ba. In za ku je to ku je da shirin kwana.

Kuma ka manta da tsaraba mai nauyi. Jirgin kujera huɗu gare shi, amma in an cika tanki abin da ya rage wa mutane da kaya bai wuce kilo 250 da ɗan wani abu ba, ka lissafa nauyinka da nasa ka ga buhu nawa zai shiga.

Shawarata, ku fara da Sakkwato. Minti 30 ne, akwai hasumiyar masu ba jirgi umarni, akwai dogon titi, ku je da safe ku dawo kafin azahar, ka ga hannun yaron da idonka.

TAMBAYA: Malam wai da gaske jirgi kananzir yake sha? In mai ya ƙare maka a ƙaramin hili ba za ka aika a sawo fetur a jarka ba?
Daga wani bakanike, Jega

AMSA: Oga rabin maganarka gaskiya ce. Manyan jirage masu injin jet kananzir suke sha, wanda aka tace sosai, sunansa Jet A1, kuma shi ne ake samu a manyan filayenmu. Amma yawancin ƙananan jirage masu fanka a gaba injin fistin gare su kamar na mota, da fulogi da komai, su kuma man su daban ne, Avgas 100LL, fetur ne mai ƙarfi da ake rina shi shuɗi don kada a rikita. To shi wannan shuɗin man a Najeriya samunsa aiki ne, daga waje ake shigo da shi a durom, ga tsada. Yana cikin dalilan da suka sa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta koma sayen jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin da ke shan Jet A1 a madadin tsofaffin Tampico ɗinta.

Saboda haka wanda ya sauka a ƙaramin fili da mansa na komawa yake zuwa a cikin tanki, da rarar aƙalla minti 30 a kai in da rana ne, ni kam awa guda nake bari. Cessna 172 na shan lita 30 zuwa 35 a awa, lissafin ba wuya. Fetur ɗin gidan mai kuwa, akwai injuna irin Rotax da kamfanin ya yarda a zuba musu mai kyau, amma ba na bumburutu a bakin titi ba, wanda ba ka san me aka gauraya ba. Mota in ta sha gurɓataccen mai gefen hanya za ka gangara, jirgi kuwa ba shi da gefen hanya a sama, shi ya sa kafin kowane tashi matuƙi ke tatsar mai kaɗan daga ƙarƙashin fiffike a 'yar kwalba ya ɗaga ya duba, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. Mafi muni shi ne a zuba kananzir a injin Avgas bisa kuskure, injin zai tashi lafiya da ragowar man da ke cikin layi, sai an bar ƙasa sannan ya mutu.

TAMBAYA: Wane lokaci na shekara ya fi daɗin yawo da ƙaramin jirgi a yankinmu? Ni ina ganin hunturu tunda babu ruwa babu hadari.
Daga wani ɗalibi, Talata Mafara

AMSA: Ƙanena hunturun nan da kake yabo shi ya fi zaunar da mu a ƙasa. Hazon da ke taso mana daga yankin Bodele a Chadi, tun daga Disamba har Fabrairu wani lokaci har Maris, yakan sauko da nisan gani ƙasa da kilomita 1, alhali mai tuƙi da ido yana buƙatar kilomita 5. Kuma hazo mayaudari ne, in ka leƙa ƙasa kai tsaye za ka ga gonaki da Gulbin Sakkwato sarai, ka ɗaga kai ka duba gaba babu komai sai fari fat, babu inda sama ta rabu da ƙasa. Wanda bai koyi tuƙi da na'ura ba cikin ɗan lokaci zai karkata bai san ya karkata ba, jikinsa na gaya masa daidai yake. Ko manyan jirage sukan fasa sauka a irin ranakun, bare kai.

Bazara kuma matsalarta zafi. Iska in ta yi zafi takan yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin riƙo sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Gusau tana kan tudun kusan ƙafa 1,500, amma ranar da zafi ya kai digiri 42 jirgi ji yake kamar daga ƙafa 5,000 yake tashi, wato ya fi tsayin filin jirgin Jos. Sai ka ga yana ta gudu a titi ya ƙi ɗagawa, ya ɗaga kuma yana hawa da ƙyar. A dogon titin Ambursa da aka gina don jiragen alhazai (daga nan jirgin farko na Hajjin 2024 ya tashi) ba za ka damu ba, a gajeren titin ƙasa mai itatuwa a ƙarshe kuwa lissafi ne na rai. Shi ya sa a Afrilu da Mayu da an sallame asuba ake shiri.

Damina hadarinta daga gabas yake tasowa a jere, da iska mai ƙarfi da ƙura a gabansa, musamman farkon ruwa, amma shi ana ganinsa daga nesa kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet na ba da bayani, sai ka jira ya wuce, bayan ruwa kuwa sararin wankakke ne. Ni a wurina daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba babu kamarsa, ƙasa shar, fadamun Argungu cike da ruwa suna ƙyalli. Sai dai a kula da tsuntsaye, jan-baki in suka taso daga gonakin shinkafa garke guda, ga shirwa da ke shawagi kusa da gari, kada a yi ƙasa-ƙasa kan fadama don ɗaukar hoto.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina da gona babba shimfiɗaɗɗa wajen Bagudo. In na sa gireda ta share min hili, abokina mai jirgi zai iya sauka?
Daga wani manomi, Bagudo

AMSA: Yallaɓai ta fuskar jirgi zai iya, jiragen farko da suka sauka a Najeriya ma, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, a filin sukuwa na Kano suka sauka a Nuwamban 1925. Ta fuskar doka kuwa a'a, sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta duba wurin ta amince. Kuma dubi inda kake, ga Benin ga Nijar a bayan gida, ga halin tsaron da ake ciki, ƙaramin jirgi ya sauka a daji ba sanarwa ai kafin fanka ta tsaya kun yi baƙi masu kaki, kuma ba za su zo da fara'a ba.

Ko an ba ka izini aikin bai ƙare ba, titin ƙasa kullum sai an bi shi. Gara na iya tada suri cikin 'yan kwanaki, ruwa ɗaya ya yi zaizaya, shanu su taka shi yana jiƙe ya bushe da ramuka, masu babur su mai da shi hanya. Tsofaffin filayen da ke garuruwa irin Nguru da Potiskum da Bida ma, sunansu na cikin jerin filaye amma babu matuƙin kirki da zai dogara da jerin bai tambayi halin da suke ciki ba. Dole shinge, dole buhun iska a kan sanda don a ga inda take kaɗawa tunda jirgi fuskantar iska yake yi ya sauka, dole mutum a ƙasa da zai kori awaki da yara. Abokin naka kuma zai fara wucewa ƙasa-ƙasa sau ɗaya ya duba titin kafin ya zagayo ya sauka. In sau biyu a shekara zai zo, ya sauka Ambursa ka aika mota, ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Ni mace ce, shekarata 19, ina sa tabarau. Zan iya koyo ko don sha'awa kawai?
Daga wata ɗaliba, Zuru

AMSA: Ƙwarai kuwa 'yata. Shekara 17 ake nema don PPL, da awa 40 aƙalla a sama, wasu da malami wasu ke kaɗai, da jarrabawar takarda kan yanayi da dokoki da taswira da inji, da gwajin lafiya aji na 2 wurin likitan da NCAA ta amince da shi. Tabarau ba ya hanawa in dai da shi kina gani daidai, za a rubuta a takardarki cewa ki riƙa sawa ki kuma riƙe na biyu a jaka. Abin da ke kayar da mutane a gwajin ido shi ne rashin bambance ja da kore. Turanci kuma sai kin gyara baki, don da shi ake magana da hasumiya.

Makaranta mafi kusa da ke ita ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, akwai kuma ta Ilorin. Ta Zariyar ma mace ta taɓa shugabantarta, Kyaftin Chinyere Kalu. Kuɗi ne dai babban tudun, miliyoyi ne kuma yana bin dala, don haka ki fara yin gwajin lafiyar kafin Baba ya biya ko sisi, kuma kada ki fara tashi sai kuɗin awannin sun kusa haɗuwa, don mai tashi sau ɗaya a wata rabin darasinsa maimaita na baya ne.