Me ya sa jemagu suka fi yawa a wani sashe na fili?

Ka tambaya me ya sa jemagu masu cin ƙwari suke taruwa a wani ɓangare na filin ciyawa, wani ɓangaren kuma fayau. Ɗan'uwa, ruwa da bishiya ne sirrin. Je ka bakin tafki bayan magariba, za ka ga sauro da ƙananan ƙwari sun yi dandazo saman ruwa, jemagu na shawagi ƙasa-ƙasa, har su tsoma baki su sha ba tare da sun sauka ba.

Layin bishiyoyi kuwa yana tare iska, ƙwari su taru a bayansa. Ƙananan jemagu masu faffaɗan fiffike suna binsa kamar hanya, don sautin da suke fitarwa su saurari amsa-kuwwarsa ba ya tafiya nesa, kuma mujiya na jira a sarari. Masu dogon siririn fiffike su ne ke iya farauta can sama a buɗaɗɗen fili. Amma in babu kogon itace ko tsagin dutse kusa, ina za su yini?