Abin da ke riƙe da gayya

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa mutanen ƙauyenmu na wajen Tibiri suka ƙaurace wa gonar mutumin nan da ba ya zuwa gayyar kowa. Ka ce zalunci ne, tunda babu dokar da ta tilasta masa.

Gaskiya babu doka. Amma da ruwa ya zauna, ciyawa kan taso wa gero a kowace gona lokaci guda. Mai wayo zai so ya tsaya a tasa, ranar gayyarsa kuma jama'a su nome masa a banza. Kowa ya yi wannan lissafi, gayya ta mutu, tsoho da mai takaba su tashi ba damin kirki a rumbu. Mai gari bai isa ya hana hakan ba. Kunya ce ke hanawa. Ka sha furar mutum a bakin gona, makaɗi ya kira sunan ubanka kana tsakiyar layi da hauya, da wane ido za ka dube shi gobe in ka ɓuya?

Inda kunya ta kasa, fushi ke ɗauka. Wanda ya ƙi zuwa gonar mai zamba shi ma yana asara, don ya ɓata da maƙwabci, amma zuciyarsa ba za ta bar shi ba. A 2002 masana biyu, Ernst Fehr da Simon Gächter, sun wallafa gwajin da suka yi da ɗalibai a birnin Zurich na ƙasar Switzerland. Aka ba su kuɗi su zuba a asusu ɗaya. Da babu hukunci, zubi ya yi ta raguwa. Da aka ba su damar cin tarar mai rowa da kuɗin aljihunsu, suka ci, zubi ya hau. Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusun mata da suka faro a nan jihar Maradi a 1991, su ma suna da tara, amma tambayi gwaggonka: ta fi tsoron a kira sunanta gaban mata hannunta wayam.

Abin da ke damuna shi ne fushin da bai tambaya ba. Wanda zazzaɓi ya kwantar, ko wanda matarsa ke naƙuda, gonarsa ake fara nomewa. Wannan kuwa lafiyarsa lau, an aika masa, an sake aikawa. In kana tausayinsa, je ka faɗa masa ya fito da hauyarsa da sassafe ranar gayyar maimai, tun kafin a kira shi. Za a matsa masa wuri a layi.