Amsa ga mai tambaya kan man koko da nankarwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Tun daren jiya na ga tambayarki: cikin fari ne, wata shida, nankarwa ta fara fito miki a mara da cinya, ga kuma tsohon tabon ƙunar salansa a ƙwauri, kina so ki ji ko man koko zai goge su kafin ki zuba kuɗinki. Na ga har wasu sun ce ki saya kawai, sati biyu kin ga aiki. Ni haihuwata huɗu, robobin man nan da na ƙarar kuwa ban san adadinsu ba, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Don masu tambayar wane koko ake nufi, ba kokon da muke sha da ƙosai ba ne. Kitsen 'ya'yan kokon da ake yin cakulan ne, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba da Ghana, 'yan kanti suna ce masa koko bota.

A cikina na fari tun wata uku na fara shafawa, safe da dare, ban taɓa fashi ba. Har wata bakwai cikina sumul, ina ta yi wa mutane tallarsa kamar an biya ni. Ina shiga na takwas, wata safiya na duba madubi na ga ƙasan cibiya ya yi zane-zane kamar kyanwa ta yakushe ni. Kuka na yi sosai. Hajiyarmu ta zo ta same ni, ta yi dariya, ta ɗaga rigarta ta ce, "To duba nan, ke kika fara yi min ita." Ga wata maƙwabciyata da ko basilin sai ta ga dama take shafawa, tagwaye ta haifa, ko layi ɗaya babu a jikinta. A nan na fara zargin cewa abin da gado a ciki.

Wata nas a wajen awo ce ta warware min. Ta ce nankarwa ba a saman fata take ba. Akwai shimfiɗa ta biyu a ƙarƙashi, mai zaruruwan da ke sa fata ta miƙe ta dawo kamar roba. In ciki ya girma da sauri, ga kuma sinadaran jiki na mai ciki da ke sa zaruruwan su yi rauni, sai su tsage. Man shafawa kuma a sama yake tsayawa. Daga baya na karanta cewa an ma gwada abin: a Lebanon a 2008, da Jamaika a 2010, an raba masu ciki gida biyu, wasu aka ba su man koko, wasu aka ba su mai irinsa amma babu koko a ciki, ba tare da sun san wanne suka samu ba. Duka wuraren biyu nankarwar ta fito kusan daidai wa daida.

Amma kar ki ce na ce ba shi da amfani. Ƙaiƙayin nan na wata bakwai zuwa tara, wanda za ki ji kamar ki sa tsinken tsintsiya ki sosa, man koko yana kwantar da shi ƙwarai, balle in cikin ya faɗo a hunturu. Ki shafa da kin fito wanka, jiki da sauran danshi. Man kaɗanya ma ya yi min wannan aikin a ciki na uku, da kuɗi kaɗan. Sai dai in ƙaiƙayin ya koma tafin hannu da tafin ƙafa, yana hana ki barci, wannan ba na mai ba ne, ki faɗa a asibiti, don wani lokaci daga hanta yake.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne nankarwa da kanta take dusashewa. Tana fitowa da duhu ko ja-ja, bayan haihuwa da wata shida zuwa shekara sai ta yi haske ta kwanta. Wadda take shafa mai a lokacin sai ta rantse man ne. Ni bayan haihuwa ta biyu hidimar yara ta sa ko tunawa da shi ban yi ba, kuma haka ta dusashe. Ba ta ɓace ba, har yau tana nan, sai dai sai na kula nake ganinta.

Tabon salansarki kuma, in shafaffe ne, baƙi kawai ya yi, mai zai tausasa wurin, amma hasken sai a hankali, kuma rana tana ƙara masa duhu. In ya yi tudu, to da sauran magana. Haihuwata ta huɗu aiki aka yi min, ɗinkin ya fara tasowa. Likita ya ce in jira ya warke sarai, sannan in riƙa manna wata fatar silikon da ake samu a manyan kemis. Wata uku ina yi, ya kwanta sosai. Irin tabon da yake girma ya wuce iyakar ciwon, mai sheƙi da ƙaiƙayi, wanda ke fito wa wasu bayan hujin kunne, kiloyid sunansa, mu baƙar fata ya fi kamawa, kuma sai likitan fata, yawanci allura ake yi a cikinsa. Fuska kuwa kar ki kai mata man koko in mai maiƙo ce, ni ƙuraje ya feso min.

Inda na fi so ki buɗe kunne shi ne masu haɗa mai. Tunda kin yi tambayar nan, za ki ga sun cika miki akwati da hoton "kafin" da "bayan". Ƙanwata ta sayi irin haɗin nan, an ce mata koko bota ne zalla da zuma. Ta yi fari tas cikin wata guda, tana ta murna. Wata huɗu sai ga nankarwa a hammata da bayan gwiwa, faɗin yatsa, ita da ko aure ba ta yi ba. Likitan fata ya ce wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid aka zuba a ciki, shi ke sa fata ta yi siriri har ta tsage. In kin ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jikin kwali, duka sitiroyid ne, ki ajiye, robar da babu rubutu kuwa ko kyauta kar ki karɓa. Akwai kuma wani maganin shafawa, tretinoin, yana ɗan taimaka wa sabuwar nankarwa, amma an hana mai ciki shafa shi, sai bayan kin sauka ki tambayi likita.

In za ki saya, ɗauki ƙaramar roba tukuna mai lambar NAFDAC, ki buɗe ki shinshina kafin ki biya. A cikina na ƙarshe ƙamshin cakulan ɗin nan amai yake sa ni, babbar roba guda na bai wa 'yar aikina.